Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyar masu sha'awar tarihi mazauna Halifas

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Bana kusan duk ƙarfinmu ya tafi ne a kan jirgin ruwa guda ɗaya, HMCS Sackville, jirgin sojojin ruwan Kanada na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda da rani yake tsaye a bakin tekun Halifas, kusa da gidan tarihin jiragen ruwa. Mun kai masa ziyara da iyalanmu, kuma zamanmu na wata-wata mun yi su ne a kan tarihin aikinsa.

An ƙera shi a Saint John ta New Brunswick, aka sa shi a ruwa a 1941, ya kama aiki a ƙarshen Disambar shekarar. Ƙaramin jirgin rakiya ne, tsawonsa mita 62 da ɗoriya, aikinsa raka ayarin jiragen kaya daga tsibirin Newfoundland zuwa Londonderry ta Ireland ta Arewa, yana tsare su daga jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. A Agustan 1942, cikin hazo, yana rakiyar ayarin ON 115, ya yi wa biyu daga cikinsu, U-43 da U-552, lahani, dole suka koma gida gyara.

Abin da ya fi jan muhawara a zamanmu shi ne abin da ya biyo baya. A Satumban 1943 wata fashewa a kusa da shi ta taɓa ɗaya daga cikin tukwanensa na tururi. Gyara ya ƙi, daga baya aka cire tukunyar, aka janye shi daga fagen yaƙi. Wannan rauni ne ya tsawaita masa kwana: wurin da tukunyar ta bari ya zama ma'ajiyar kaya, ya koma shimfiɗa wayoyin gano jiragen abokan gaba a ƙasan teku, daga baya ya yi binciken teku har 1982. Cikin ire-irensa 294 da aka ƙera, shi kaɗai ya rage. A 1985 Kanada ta ayyana shi abin tunawa da sojojin ruwanta.

Yara kuwa abin da ya ɗaure musu kai shi ne ƙuncin wurin kwanan ma'aikata, ana cin abinci a ƙarƙashin ragar da ake barci a kai.

Fassarar tarihin zuwa Hausa da muka yi alkawari bara ba ta kammalu ba, laifin namu ne na kwamiti. Mun ɗage ta zuwa Mayu, kafin Lahadin tunawa da Yaƙin Atlantika, wato yaƙin tekun da jirgin ya yi aiki a cikinsa. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro mai zuwa.

Sakataren ƙungiya