Dashen ƙodar yara: ba kuɗin tiyata ne kaɗai matsalar ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yaran da ƙodarsu ta daina aiki, don duk sanda aka tashi zancen dashe sai ka ji kuɗin tiyata kawai ake lissafi, kamar da an fito da yaro daga ɗakin aiki shikenan an huta. Wallahi ba haka ba ne.

Aikin kansa ba sabo ba ne, tun 1954 aka yi dashen farko da ya yi nasara a Boston ta Amurka. Amma lamarin yara daban yake. Da yawansu da matsalar aka haife su, ko ƙodar ba ta ginu daidai ba ko hanyar fitsari ta toshe, shi ya sa wani sai an fara gyara masa mafitsara in ba haka ba sabuwar ƙodar ma lalacewa za ta yi. Sannan yawanci sai yaro ya kai wajen kilo 10 ake masa dashe, ga shi ciwon ne ma yake hana shi girma, ba ya son abinci, ana ta jigilar wankin ƙoda sau uku a sati, karatu ya tsaya.

Sai mai bayarwa. Uwa ta ce a cire tata yau-yau, a auna a tarar tana da hawan jini ko suga, ko jininsu bai dace ba, yayyensa kuma ba su kai 18 ba. In an sha yi masa ƙarin jini ma jikinsa na iya ƙin ƙodar da aka samu.

Abin da ya fi damuna dai shi ne bayan dashen. Maganin danne garkuwar jiki irin su tacrolimus safe da dare ake sha, ba fashi muddin ƙodar na jiki, ga gwajin jini a kai a kai. Yarinya 'yar shekara 15 ta duba madubi ta ga prednisolone, ɗaya daga cikin magungunan, ya kumbura mata fuska ga ƙuraje, ƙawaye na tsokana, sai ta fara ɓoye ƙwayoyin, kafin iyaye su farga jiki ya fara ƙin ƙodar. Masu tasowa irinta su suka fi rasa dashe ta wannan hanyar, kuma ni ban ga laifinta ba tunda ba wanda ya zauna ya saurare ta.

Roƙona masu tara gudummawa su riƙa sa kuɗin maganin shekaru cikin lissafi tun farko, ku kuma ku gayyato likitan ƙodar yara ya amsa tambayoyin iyaye a wannan shafi.

Naka,
Mai karatu