Kafin a Canja Gilashin Gaban Mota, a Fara Gane Abin da Ya Same Shi

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da direbobi da masu motoci a kan gilashin gaba, tunda hunturu ya kankama, kuma a wannan lokacin ne gilashi ya fi shan wahala. Gilasai da yawa da ake cirewa a zubar suna da sauran shan ruwa a gaba. Abin da ke ƙarasa su shi ne maganin farko da aka yi musu cikin gaggawa: busasshen tsumma, ko sufa gulu, ko bokitin ruwan sanyi a kan gilashin da ya wuni a rana.

Gilashin gaba falle biyu ne, kowanne kaurinsa kusan milimita 2, an haɗa su da wata leda mai ƙarfi a tsakiya da ake kira PVB, mai kaurin milimita 0.76 a yawancin motoci. Shi ya sa idan dutse ya same shi sai ya tsage amma ya tsaya a wurinsa. Na ƙofofi da na baya a mafi yawan motoci falle ɗaya ne da aka gasa, idan ya fashe sai ya tarwatse kamar tsaki, babu batun gyara. Duk abin da zan faɗa a kan na gaba ne.

Kafin komai, in dai ba jifar tsakuwa ba ce, a wanke gilashin da ruwa mai yawa, a bar shi ya bushe a inuwa. Sai a bi tabon da farce, ta waje sannan ta ciki. Idan farce ya ji tudu, wani abu ne ya manne a kan gilashin, kuma zai fita. Idan ya faɗa cikin rami ko ya maƙale a layi, gilashin kansa ne ya ji ciwo. Idan kuma ido yana ganin tabo amma farce bai ji komai ba ta ɓangarorin biyu, mai yiwuwa matsalar tana tsakanin fallayen. Irin wannan yakan fito fari-fari kamar madara a gefe ko a kusurwa, alamar danshi ya shiga ledar tsakiya ta fara sakin gilashin. Ba wankin da zai fitar da shi. A sa masa ido, idan ya fara matsowa inda direba ke kallo a canja.

Tabon da ke kan gilashi aikinsa ba yawa. Fararen ɗigo-ɗigo masu zagaye gishirin ruwan burtsatse ne da ya bushe a rana bayan wanki. A haɗa binega da ruwa rabi da rabi, a jiƙa tsumma a shimfiɗa a wurin minti 5, a goge a ɗauraye, kar a bari ya zauna a kan fenti. Ƙaron bishiya, kashin tsuntsu, feshin fenti da ragowar gam ɗin sitika ana kankare su da sabuwar reza, a kwantar da ita, gilashin yana jiƙe da ruwan sabulu, sannan a bi da sipirit. Reza ta waje kawai. Wanda ya sa ta a cikin gilashin baya zai yanke siraran layukan da ke ɗumama shi, ko ya yage ledar da aka baƙanta shi da ita. Hazon da ke sa fitilun motoci su baje da dare kuwa yawanci daga ciki yake, tururin robar dashbod ne da zafi ke tayarwa, ga hayaƙin taba ko turaren mota. Tsumma biyu masu laushi sun isa, ɗaya da ɗan sipirit, ɗaya busasshe.

Akwai wasu ƙananan ɗigo jajaye ko baƙaƙe masu kaushi da ke bayyana bayan mota ta kwana biyu a wurin gyaran jiki. Tartsatsin walda ne ko na injin gurza ƙarfe, ya narke ya nutse a gilashin, daga baya ya yi tsatsa. Reza za ta cire kan ƙarfen, ramin kuma ya zauna har abada. Duk mai kai mota walda ya tabbata an rufe gilasai da jiƙaƙƙen bargo ko buhun algarara.

Sai karce, wanda shi ne babban ciwon ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓurɓushin yashi, shi kuwa yashi ya fi gilashi tauri. Duk lokacin da aka goge ƙura da busasshen tsumma, ko aka kunna waifa tankin ruwanta babu ko ɗigo, daidai yake da an bi gilashin da sanfefa. Siffar karcen tana faɗin wanda ya yi shi. Idan ya yi baka yana bin hanyar waifa, laifinta ne, ko robar ta cinye ƙarfe yana taɓa gilashi, ko tsakuwa ta maƙale a ƙarƙashinta. Idan zagaye-zagaye ne ko'ina, aikin tsumma ne. A fara watsa ruwa ya kwashe ƙurar kafin hannu ya taɓa, a riƙa ɗaga waifa ana share robar da jiƙaƙƙen tsumma, a canja ta duk wata 6 zuwa shekara, don zafinmu yana busar da roba da wuri. A daina zuba omo a tankin waifa, yana toshe bakin feshin, yana bar wa gilashi dusu-dusu.

Karcen da farce bai maƙale a ciki ba yana goguwa da wata hoda mai suna siriyam oksaid. A zana layin karcen da maka ta cikin mota don kar ya ɓace wa mai aiki, a kwaɓa hoda kashi biyu da ruwa kashi ɗaya, a shafa a faifan goge gilashi da aka ɗaura a injin huda, a tafi da matsakaicin gudu, kamar juyi 1,000 zuwa 1,500 a minti. A riƙa yayyafa ruwa, hannu yana yawo, ana taɓa gilashin, da ya yi zafin da tafin hannu ba zai jure ba a dakata. Karcen da farce ke maƙalewa a ciki kuwa a haƙura da shi. Kafin a kai ƙasansa an rarake wurin, ya koma kamar gilashin tabarau, direba ya riƙa ganin hanya tana lanƙwashewa. Haka ma gilashin da yashin hanya ya yi wa zanzana har yake ƙyalƙyali idan an fuskanci rana da la'asar, ba ya goguwa.

Yanzu ga wanda ya fi kawo mutane wurin masu gilashi, wato jifar tsakuwa, galibi daga tifar da ta ɗauko kaya ba tamfal ko daga tayar motar gaba a hanyar da ake aiki. Wani ya fito zagaye kamar ido, wani kamar tauraro mai ƙafafu, wani ya haɗa duka biyun. Duhu ko ƙyallin da ake gani a ciki iska ce da ta shiga tsakanin fallen waje da leda. Gyaran shi ne a zuƙe iskar a cika wurin da rezin, wani ruwan gam garai-garai wanda haske ke ratsa shi kusan yadda yake ratsa gilashi.

Abin da za a yi nan take bai kai kuɗin ruwan leda ba: a liƙa farin salatif a bakin ramin ta waje. Ƙura ko ruwa ko sabulu idan suka riga rezin shiga, ko an gyara tabon zai zauna. Kar a sa sufa gulu ko man farce. Ba sa kai wa ƙarshen ƙafafun tauraron, suna yin rawaya a rana, sannan su toshe ƙofar da rezin zai bi.

Ba kowane jifa ke gyaruwa ba. Wanda faɗinsa bai wuce santimita 2 da rabi ba, kuma fallen waje kaɗai ya taɓa, yana gyaruwa sarai. Idan farce ya ji tsagar ta cikin mota, ta ratsa duka fallayen, sai canji. Idan tana cikin santimita 5 zuwa 6 daga gefen gilashi, inda nauyin jikin mota ke matsa shi, gyaran ba ya daɗewa. Idan kuma daidai saitin idon direba take, ni ban ba da shawarar gyara ba, domin ko gwani ne ya yi aikin ɗan dishi-dishi yana saura, da dare kuma yana warwatsa haske.

A yi aikin a inuwa, gilashi ba zafi, domin hasken rana ne ke daskarar da rezin, idan aka yi a fili zai ƙame a bakin rami kafin ya shiga. A tsince ɓurɓushin gilashi da tsinin allura. Idan akwai danshi a busar da wurin da iska mai ɗumi, a jira ya huce. A kafa mazaunin sirinjin da ke zuwa da kayan gyaran daidai kan ramin, a ɗiga rezin, a ja sirinji baya a kulle shi kamar minti 10 don iska ta fito, za a ga kumfa tana tasowa. Sai a tura shi gaba a kulle kamar minti 20. A leƙa ta ciki, duk ƙafar da ke ƙyalli ba ta cika ba, a ɗan danna bayanta da babban yatsa a hankali ta buɗe, a maimaita. Dannawa da ƙarfi ita ke mayar da tauraro doguwar tsaga, a nan masu koyo suka fi yin ɓarna. Idan ya cika a cire kayan, a ɗiga ɗigon rezin ɗaya a bakin ramin, a rufe da 'yar ledar da ke zuwa da kayan, a fitar da mota rana minti 15 zuwa 20, ko awa guda idan hazo ya rufe. A ɓare ledar a kankare tudun da reza a tsaye.

Doguwar tsaga kuma a fara bin ta da bakin biro daga farko zuwa ƙarshe. Idan biron ya faɗa wani ɗan rami, dutse ne sila. Wadda ba ta wuce santimita 15 ba, kuma ba ta kai gefe ba, gwani yana iya tsayar da ita: ya huda ƙarshenta da siririn tsinke mai kaurin kusan milimita 1, ba tare da ya kai ga ledar tsakiya ba, ya cika da rezin, ya bi layin duka. Huda ba cikawa, yadda wasu ke yi a bakin titi, jinkiri ne kawai. Idan biron bai sami rami ba, kuma tsagar daga gefe ta taso, to matsi ne ya fasa gilashin, ko tsatsa ta kumbura a ƙarƙashinsa, ko jikin motar ya karkace bayan haɗari, ko an ɗora shi ba daidai ba. Wanda ya sa sabo bai gyara wannan ba zai sake saye.

Zafi da sanyi su ne ke sa tsaga gudu. Motar da ta wuni a ranar bazara a Sakkwato ko Maiduguri gilashinta ya fi ƙarfin taɓawa. Aka watsa masa ruwan sanyi, ko aka sakar masa esi gaba ɗaya ta hujin dashbod, gefe ɗaya ya tsuke ɗayan yana buɗe, sai ka ga tsagar jiya ta kai wancan ƙarshen. A sauke gilasan ƙofa zafi ya fita, a fara kai sanyin wajen ƙafa.

Idan canji ya zama dole, a duba tambarin da ke kusurwar gilashin, a ga AS1 ko kalmar Laminated, ko harafin E a cikin da'ira da 43R a gefensa. Mai sayen na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ɗaga shi ya kalli rana ta cikinsa, ya duba zanzana da farin gefe. Wajen ɗorawa gam ɗin yuretan ake sawa, ƙaramar mota takan ci kwalba ɗaya da rabi zuwa biyu, kowace mai mililita 310. Silikon na tagar gida ba ya riƙe gilashi a haɗari, alhali gilashin nan yana taimakawa wajen tallafe rufin mota, kuma a motoci da yawa jakar iskar fasinja a jikinsa take dogara idan ta buɗe. Kar a kankare tsohon gam har ƙarfe, a bar milimita 1 zuwa 2, sabon ya fi kama shi. Inda wuƙa ta kwarzane fenti ko aka ga tsatsa a goge a shafa firaima, wato ruwan da ake shafawa kafin gam don ya kama, haka ma baƙin gefen gilashin, kuma kar hannu mai maiƙo ya taɓa wurin. Motar da ke da kyamara a bayan madubin tsakiya tana buƙatar a sake saita ta bayan canji.

Shi yuretan da danshin iska yake ƙamewa, don haka a busasshen hunturu ya fi jinkiri. A karanta lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar a ƙara a kai, in da hali motar ta kwana a wurin. A bar gilashin ƙofa ɗaya a ɗan buɗe don kar iskar rufe ƙofa ta tura sabon gilashin waje, a guji hanya mai ramuka, kuma kar a kai ta wankin inji sai bayan kwana biyu.

Na gode, Edita. Allah ya kiyaye hanya.

Naka,
Wani mai sana'ar gilashin mota,
Kano.