Maganar naman aladen da ta ɗaure maka kai

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya sanyin Ingila? Mutanen gida duk lafiya lau, suna gaishe ka.

Na yi dariya har da hawaye da ka ce abokin aikinka Bature ya dafa kafaɗarka ranar albashi ya ce maka "bring home the bacon" (wato "kawo naman alade gida"), kai kuma ka tsuke fuska kana zaton naman alade zai haɗa ka da shi. Kwantar da hankalinka, Malam. Nufinsa ka samo na cefane, ka rufa wa iyali asiri. A fagen wasanni ma suna faɗa wa wanda ya ciyo gasa.

Za ka ji ana jingina asalin maganar da Dunmow, wani gari a yankin Essex, ba nisa da Landan. Tun zamanin da, duk ma'auratan da suka rantse cewa shekara guda da kwana ɗaya ba su taɓa nadamar aurensu ba, sai a ba su ɓarin alade mai gishiri su kai gida. Har yanzu ana yin bikin duk bayan shekara 4, samari 6 da 'yan mata 6 ne ke yanke hukunci. (Ka ji fa, waɗanda ba su san aure ba su ne alƙalai!) Labarin da daɗi, amma ni bai gamsar da ni ba, domin babu batun neman kuɗi a ciki.

Wanda na fi yarda da shi daga Amurka yake. A watan Satumban 1906, Joe Gans, baƙar fata ɗan Baltimore kuma zakaran damben boksin na duniya a ajin marasa nauyi, ya kara da Battling Nelson a Goldfield ta jihar Nevada. Kafin a shiga fage mahaifiyarsa ta buga masa tangaraho, ta rufe saƙon da wannan magana. Sai da aka kai turmi na 42 kafin Nelson ya kai naushi ƙasa da mara, alƙali ya ba Gans nasara. Jaridu suka buga saƙon uwar, marubuta wasanni suka ɗauka, daga nan ta bazu.

Gobe in ya sake faɗa, ka ce masa in sha Allahu, amma naka na rago ne. Ka gaida uwargida da yara, kuma ka sanar da ni ko za ku zo Babbar Sallah.

Naka,
Amininka