Yadda Giwa ta fidda gwaninta: wasiƙa daga Aboabo

Kumasi, 12 ga Nuwamba, 2023

Assalamu alaikum, Alhaji aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya Kano, yaya kasuwa? Mu nan unguwar Aboabo lafiya lau, sai dai tsadar kaya da ta zama ruwan dare. Saƙonka na murya ya iso, wanda kake tambaya ko da gaske ne jam'iyyar Giwa, wato NPP ta Ghana, ta tsayar da Musulmi ɗan Arewa takarar shugaban ƙasa. Maganar ta fi ƙarfin minti biyu a WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Da gaske ne. Ran Asabar 4 ga watan nan daliget na NPP suka ba mataimakin shugaban ƙasa Dakta Mahamudu Bawumia tuta da kashi 61 cikin ɗari da ɗoriya, Kennedy Agyapong ya bi shi da kashi 37. Kai da ka girma a nan ka san nauyin wannan labari. Jam'iyyar da tun muna yara ake kira ta Tonawa, wato mutanen Ashanti, yau ɗan Walewale da ke Arewa ne a gabanta. Marigayi Alhaji Aliu Mahama ya yi shekara takwas yana mataimakin Shugaba Kufuor, ya nemi wannan tuta a Legon a 2007 cikin 'yan takara 17, bai ko kusa ba. Tun daga lokacin 'yan NDC (jam'iyyar Lema) na unguwarmu suke cewa ɗan Arewa a gidan Giwa iyakarsa kujerar mataimaki. To, wannan bakin dai an rufe shi.

Amma kada ka ɗauka farin jini ne a titi ya kai shi. Lissafi ne, kuma an daɗe ana yin sa.

Mutum goma suka nemi tutar. Dokar jam'iyya ta ce in sun wuce biyar sai an tace, don haka ran 26 ga Agusta aka tara manyan daliget, waɗanda ba su kai dubu ɗaya ba: 'yan majalisa, ministoci, shugabannin jam'iyya na jihohi da na mazaɓu. Yawancinsu ko suna cin abinci a gwamnati, ko suna sa ran ci, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bawumia ya kwashi 629, Kennedy 132, Alan Kyerematen 95. Mutanen Bawumia sun san wannan zagaye ba ya ba da tuta, amma sun yi masa aiki kamar shi ne na ƙarshe, don ƙaramin daliget da ke ƙauye ya ga inda manya suka karkata, ya ji tsoron a bar shi a baya. Kafin ranar ma mafi yawan 'yan majalisar jam'iyyar sun riga sun yi masa mubaya'a a fili, haka shugaban jam'iyya na jihar Ashanti, Wontumi.

Wanda abin ya fi kayarwa shi ne Alan. Shi duk jarinsa layi ne. A 2007 ya zo na biyu, ya janye wa Akufo-Addo, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ba tare da an je zagaye na biyu ba, kuma magoya bayansa sun riƙe cewa tun ranar aka yi masa alkawarin gado. Taken da suka yi ta rerawa da Tonanci shi ne "aduru wo so", wato layi ya zo kanka. Ku ma kun ji irinsa bara, lokacin da Tinubu ya tsaya a Abeokuta ya ce "emi lokan". Bambancin shi ne Tinubu ya faɗa yana da gwamnoni a bayansa, Alan kuwa ya faɗa bayan an riga an raba daliget yana can yana harkar ma'aikatar ciniki. Da ya ga ya zo na uku, ya ce an tsorata mutanensa, an kuma doki wakilinsa a jihar Arewa maso Gabas. Ran 5 ga Satumba ya janye, kafin watan ya ƙare ya bar jam'iyyar ɗungurungum, ya ce zai tsaya shi kaɗai da alamar malam-buɗe-littafi. Ni dai ina ganin fushi ya yi masa jagora, domin a ƙasar nan tun 1992 ba wanda ya ci shugabanci a wajen Giwa da Lema. Amma ko kashi biyu ya yaga a Ashanti, ba daga jikin John Mahama, ɗan takarar NDC, zai yaga ba.

Kennedy ne ya ba kowa mamaki, kuma a kansa nake so ka tsaya. Ka san shi, ɗan majalisar Assin Central, mai Oman FM da Net2, mutumin da bakinsa ba shi da linzami. A ranar tacewar nan aka nuno shi yana waya cikin fushi, yana cewa an kori wakilinsa, yana yi wa shugaban ƙasa da mataimakinsa barazanar za a gwabza. Manya suka ce ya kashe kansa. Ashe nan ne ya samu kasuwa. Dabararsa ita ce ya yi takara da gwamnatin jam'iyyarsa daga cikin gida: yana zagin tsadar rayuwa, yana cewa shi ɗan kasuwa ne da ya ɗauki mutane aiki ba mai lacca ba, yana gaya wa ƙananan daliget cewa su suka sha rana a 2016 da 2020, wasu suka ci. Da aka buɗe zaɓen ga daliget kimanin dubu ɗari biyu, mafi yawansu masu kula da rumfunan zaɓe, sai kasonsa ya tashi daga kashi 14 zuwa 37. Duba fa: waɗannan ba 'yan adawa ba ne, 'yan jam'iyya ne na gidi, waɗanda kowane ɗan takara ya bi har gida da gaisuwa da "kuɗin mota". Duk da haka fiye da ɗaya cikin uku suka juya wa ɗan takarar manya baya. Wannan adadi ya fi na Bawumia yi mini magana. A filin wasa na Ankara (Accra) Kennedy ya amince da kaye, ya ce yanzu gwabzawar da NDC ce. Za mu gani ko zai fito yawon kamfe da zuciya ɗaya.

Sauran biyun, Dakta Owusu Afriyie Akoto na Kwadaso da Addai-Nimoh, ko kashi ɗaya babu wanda ya samu. Gidan Lema kuwa ba a yi wata kokawa ba tun watan Mayu: Duffuor ya janye, Kojo Bonsu tsohon magajin garinmu ya tsaya don a san ya tsaya, Mahama ya kwashe kusan kashi 99.

Yanzu ga abin da ka fi son ji, Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi. A majalisarmu ta ataya an rabu biyu. Samari da yawa suna murna, suna cewa ko ba komai za a ga mai salla a kan takardar zaɓe ta babbar jam'iyya, kuma suna kawo Asusun Raya Zango da makarantar sakandare kyauta. Dattawa kuwa ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi mako biyu su bar ƙasa, aka loda maƙwabta a manyan motoci, wasu an haife su a nan ba su san wani gari ba. Kakanninka ma ai ta nan wasunsu suka koma Najeriya. Wani tsoho ya ce mana hula ba ta canza gida. Mata 'yan kasuwa su ba ruwansu da duk wannan, su farashi suke kallo. Bawumia ne ya yi suna da laccocin faɗuwar kuɗinmu sidi lokacin yana adawa, dala tana wajen sidi 4 suka karɓi mulki, yau tana neman 12. Hauhawar farashi ta wuce kashi 54 a Disambar bara, ga harajin tura kuɗi ta waya, ga komawa wurin IMF neman dala biliyan 3. Mutanensa yanzu sun fi son a yi zancen katin ɗan ƙasa na Ghana Card da ayyukan intanet, kuma ba laifi, ya yi ƙoƙari a nan. Sai dai mai koko da ƙosai ba katin take tambaya ba.

Shi ya sa nake ce maka cin daliget daban, cin ƙasa daban. Daliget ana iya ƙirga su, a san gidan kowa, a san abin da yake so. Masu zaɓe miliyoyi ba a bin su gida-gida. Ga kuma al'adar nan da tun 1992 ba jam'iyyar da ta wuce shekara takwas a mulki, wadda su 'yan Giwa suke rantsuwar za su karya. Abu ɗaya tabbas, in Allah ya kai mu 7 ga Disamban baɗi, Bawumia ɗan Walewale ne da Mahama ɗan Bole, dukansu 'yan Arewa, za su kara, don haka zancen "namu ne ɗan Arewa" ba zai raba gardama ba.

Rigimar da ta rage a nan Kumasi ita ce ta mataimaki. Kowa ya san sai Batone kuma Kirista, don a lallashi jihar Ashanti da ke da mazaɓu 47 bayan tafiyar Alan. Sunan da aka fi ambata shi ne Dakta Matthew Opoku Prempeh na Manhyia ta Kudu, wasu na cewa Osei Kyei-Mensah-Bonsu na Suame. Tuni magoya bayansu suka fara jifan juna a rediyo da sassafe.

Ka rubuto mini yadda kuke fama da man fetur tun da aka cire tallafi, don abin da muke ji a nan ba daɗi. Goron da ka ce a nema maka ya yi tsada bana, amma in direban da muka saba ya tashi ƙarshen wata zan haɗa maka da shi. Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga hoton jaririyar ba. Ka gaida Hajiya da yara da duk mutanen gida.

Wassalam,
Naka amini, daga Aboabo