Mafarkin da ke ta dawowa yana da magani

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi bayani kan mafarkin da ke maimaita kansa, irin wanda mutum zai ga ana bin sa da gudu, ko yana faɗowa daga sama.

Barci zagaye-zagaye ne, kowanne kamar minti 90, kuma matakin da aka fi yin mafarki a cikinsa yana ƙara tsawo gab da wayewar gari. Shi ya sa ake farkawa da shi ɗanye a rai. Yawanci damuwar da ba a warware ba ce ke rura shi, ko wani tashin hankali da aka taɓa gani.

Ga dabarar da masana barci ke koyarwa. Da rana, a rubuta mafarkin a taƙaice, sannan a sauya masa ƙarshe: mai bin ka da gudu ya tsaya, ashe saƙo ya kawo. A rufe ido a riƙa hasko sabon labarin minti 10 zuwa 20 kullum. Inda ake kuskure shi ne farawa da mafarkin da ya fi muni, ko nanata tsohon labarin, wanda ƙara masa ƙarfi kawai yake yi. Wasu kuma kwana uku sun gaji, alhali abin makonni yake ɗauka.

Mai yawan minshari da ke farkawa numfashi a sarƙe ya ga likita. Haka wanda mafarkin ya taso masa bayan fara sabon magani, domin wasu magungunan hawan jini kan jawo shi. Kada dai ya daina sha da kansa.

Wassalam,
Wani mai karatu