Mai jimre tsanani: ya zauna ko ya tashi?

Zuwa ga Fasto mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Mu dattawan wata ikilisiya ne a Tawa, masu kula da ƴan'uwan da aka kora daga gida saboda bangaskiyarsu. Muna neman shawararka a kan abin da ya raba ra'ayinmu.

Tsanani iri biyu ne. Akwai na tarzoma, kamar na ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, har wasu maƙwabta Musulmi suka ɓoye Kirista a gidajensu. Wannan yakan zo ya wuce. Na cikin gida shi ya fi cin rai: a ware wa mutum kwanon cinsa, a karɓe gonar da yake nomawa, a daina amsa gaisuwarsa.

In irin wannan ya zo, kwana ukun farko ba na wa'azi ba ne. A ba wanda aka kora tabarma da abinci a gidan wani dattijo, ba cikin majami'a ba, don can za a fara nemansa. Mace kuwa a hannun zumuntar mata. A tambayi takardar haihuwarsa da katin ɗan ƙasa, saboda yawanci a gida ake barinsu, kuma in ba su, ba tafiya, ba aiki. Ƙaramin yaro ba a ɓoye shi; mai unguwa ake sanarwa.

Inda abu ke lalacewa shi ne kuɗi. Da an danƙa masa tsaba a hannu, dangi za su ce saye shi aka yi, shi ma sai ya saba da jira. Gara a auna masa tiyoyin hatsi, a haɗa shi da tela ko makanike ya koyi sana'a. Haka ma saurin tura shi Yamai: ya tsira da ransa, amma ƙofar sulhu ta rufe, alhali sau da yawa uwa kan sauko bayan ƴan watanni in tana ganin ɗanta yana zuwa gaisuwa da kunya.

To ga matsalar. Wasunmu sun riƙe Ru'ya ta Yohanna 2:10, inda aka yi alkawarin rawanin rai ga mai aminci har mutuwa, suna cewa tashi raguwar bangaskiya ce. Wasu kuma na nuni da Matiyu 10:23, inda Yesu da kansa ya ce in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani. Wace alama ce za ta nuna lokacin tashi ya yi? Da an fara dukansa, ko sai an yi barazanar kisa?

Sannan yaya za a koyar da begen ladan sama, na Matiyu 5:12, ba tare da matasa sun ɗauka tsokana ma aminci ce ba? Akwai masu yi wa iyayensu gardamar addini a gaban baƙi, in an kore su su ce tsanani ne. Mu dai muna ganin wannan rashin ladabi ne, amma ba mu so mu karya zuciyar wanda ya riga ya rasa kome. Da wane lafazi za mu tsawata masa?

Allah ya ƙara maka hikima.

Ƴan'uwanka cikin Almasihu,
Dattawan ikilisiya, Tawa