Wasiƙa zuwa ga Sani kan kamfas ɗin da yake son saya

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, iyali ma haka. Saƙonka ya iso, har na yi dariya da ka ce ka ga wani kamfas mai murfin ƙarfe, kore irin na sojoji, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka dakata tukuna, mutumina. Irinsa na fara saya, kuma na ji a jikina.

Nawa ɗin jabu ne, sai ƙyalli. In na karkata hannu kaɗan, faifan lambobin sai ya maƙale ya tsaya cak. Wata rana na saita wani tsauni daga nesa, na karanta digiri 40. Na sauke hannu na sake ɗagawa, sai ga 47. Ka san kuskuren digiri ɗaya yana kauce da mutum kusan mita 17 a kowace kilomita. Bakwai kuwa, wajen mita 120 ke nan, ya isa ka wuce mahaɗar hanya a daji ba ka ankara ba.

Ni dai mai madubi zan ce ka nema: farantin roba garai-garai wanda ake ganin taswira ta cikinsa, da murfi mai madubi da 'yar tsaga a sama. Sai ka miƙa hannu daidai ido, ka karkata madubin kamar digiri 45, ka sa abin da kake nufi cikin tsagar. A madubin kake kallon allura, kana juya zoben lambobin da ya kewaye ta har jan bakinta mai nuna arewa ya kwanta cikin kibiyar da aka zana a ƙarƙashinta. Ido ɗaya na ganin dutse da allura a lokaci guda, nan daɗinsa yake. Kamfanin Silva na Suwidin da Suunto na Finland tun shekarun 1930 suke wannan sana'a, ƙananan samfurinsu ma ba sa ba da kunya. In ba su samu ba, wani ma ya yi, muddin ya ci jarrabawa.

Jarrabawar ba wuya. Ka ajiye shi a kwance, ka kawo makulli kusa har allurar ta bi shi, ka janye. Ta koma inda take cikin daƙiƙa biyu ko uku, ba rawa, ba nawa. Ka maimaita sau uku. Ka duba ruwan ciki: ƙaramar kumfa kan fito saboda sanyi ko hawan tudu ta ɓace daga baya, amma babba a sabon kaya alamar yoyo ce, ka mayar. Zoben ya zama mai zanen digiri biyu-biyu, kada ya yi sakwa-sakwa.

In kuɗinka zai ɗan ƙaru, ka ƙara shi a kan mai ɗan sukurun daidaita arewa. Arewar da allura ke nunawa daban take da ta taswira, bambancin kuma yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, har daga shekara zuwa shekara. Da sukurun sai ka saita sau ɗaya ka huta da lissafi ga gajiya ga yunwa. Ma'aunin gangara da ake haɗawa a jikin wasu kamfas kuwa, shekara nawa ina da shi ban taɓa dubawa ba.

Na tuna ka ce wataƙila aiki ya kai ka kudancin duniya. To ka tambaya, don yawancin allurai an daidaita nauyinsu ne da wani yanki, in aka tsallaka sai baki ɗaya ya sunkuya ya riƙa goga.

Kuma don Allah kada ka cusa shi aljihu ɗaya da waya. Maganaɗisun jakar waya ya taɓa juya wa wani abokin tafiyarmu allura, jan bakin ya koma nuna kudu, sai da faɗuwar rana ta tona asiri.

In ka saya, ka turo min hotonsa in gani. Ka gaida mutan gida da yara.

Naka,
Bala